Milimita Uku Da Rabi

Da ƙarfe tara da kwata na safiyar Juma'a aka kawo wa Sufeto Tsurumi rahoton. An sace kan jirgin ƙasa na tagulla, irin ƙananan nan da ake ƙerawa da hannu, daga ofishin wata mujalla a kudancin Osaka.

Ofishin yana hawa na uku, a saman shagon mai taliya. Ƙanshin romo ya bi Sufeto tun daga matakala har ciki. Ɗaki ne da ɗan sito a baya, an jibge tsofaffin mujallu har kusa da rufi. Sunan mujallar Ƙaramin Dogo, kuma jibi Lahadi za ta yi bikin cika shekara arba'in.

Editan, Nagahori, gajere ne mai sanƙo. Ya ja shi gaban wani akwatin gilashi.

"Ga shi nan, Sufeto. Jiya da ƙarfe biyu na tafi maɗaba'a, yana ciki. Daga can na wuce gida. Yau na zo, babu."

Ba a fasa gilashin ba. A ciki saura guntun layin dogo mai tsawon taƙi biyu a kan katako, da kati mai ɗauke da suna.

"Wane ne Kashiwabara?"

Nagahori ya dube shi kamar ya tambayi wane ne rana.

"Malam Kashiwabara. Shekara talatin da shida yana rubuta mana, bai taɓa tsallake wata ba. Wannan jirgin shi ne aikinsa mafi kyau. Saboda shi mutane za su zo ranar Lahadi."

"Wa ke da makullin ofishin nan?"

"Ni kaɗai. Amma kubar ta tsufa, ko da kati sai a buɗe ta. Kar ka wahalar da kanka, na san wadda ta ɗauka."

Ya ce sunanta Okitsu Sanae, direbar bas ce. Makon jiya ta zo tana ɗaga murya, wai jirgin na mahaifinta ne. Ta dafa gilashin da hannu biyu ta ce in ba a ba ta ba, za ta ɗauka da kanta. Mai taliya ma ya ji.

Tsurumi ya sa guntun layin a leda saboda zanen yatsu, ya sauka ya duba kyamarar matakala. Da ƙarfe uku da minti goma wata mata ta hau da jaka a kafaɗa, bayan kwata ta sauko da sauri. Da ƙarfe huɗu wani tsoho ya hau a hankali yana dafa bango.

"Wannan fa?"

"Ai Malam ne da kansa. Duk Alhamis yake zuwa ya zura rubutunsa ta ƙasan ƙofa in ba na nan."

Tsurumi ya wuce hoton tsohon. Mutum ba ya satar abinsa.

Ƙarfe sha biyu ya kama Okitsu Sanae a tashar bas, a ɗakin hutun direbobi, farar safar hannunta tana hannunta. Abokan aikinta su shida suna cin abincin rana. Duk suka ajiye tsinken cin abincinsu suka zuba ido. Manajan tashar ya biyo shi har mota ya ce masa a kunne, in har aka miƙa ta ga mai gabatar da ƙara, to ta bar aiki ke nan.

Doka ta ba shi damar tsare ta awa arba'in da takwas. Wato Lahadi da tsakar rana.

"Kin je ofishin jiya?" ya tambaye ta a ɗakin bincike.

"Ban je ba."

Ya juya mata hoton kyamara. Ta dube shi ta kau da kai.

"To na je. Na ƙwanƙwasa, ba kowa. Na zauna a matakala, na ga lokacin aikina ya yi, na tafi."

"Me ya sa kika ce ba ki je ba?"

"Yallaɓai, ka kamo ni a gaban mutanen da nake aiki da su shekara tara. Me kake so in ce?"

"Me ke cikin jakar?"

"Abincina da rigar ruwa."

An binciki ɗakinta, ba a sami jirgi ba. Amma zanen yatsunta goma suna jikin gilashin.

Ya ce ta ba shi labarin mahaifin nata. Ta gyara zama.

Ta ce sunansa Genzo, ma'aikacin gyaran layin dogo ne. Da ya yi ritaya, shekara huɗu ya yi a teburin kicin yana ƙera jirgin nan. Shekara biyar ke nan da ya naɗe shi, da guntun layinsa, da wasiƙa, ya aika wa mujallar ta gidan waya. Ba amsa. Duk wata sai ya sayi mujallar ya buɗa shafi-shafi.

"Akwai hotonsa da jirgin?"

"Ya hana a ɗauka. Ya ce masu mujalla za su ɗauka da kyau."

"Rasit ɗin gidan waya?"

"Ya ɓace."

"Sai aka yi yaya?"

"Bayan shekara biyu sai ga shi a bangon mujallar, da sunan wani. Lokacin Baba yana asibiti. Na ce masa fitowar watan ta ƙare a shago." Ta murza safar hannunta. "Har ya mutu yana tambayata ko sun amsa. Kullum in ce masa tukuna. Daga nan na yi shekara uku ban ce wa kowa komai ba. Sai da na ga tallan bikin."

Tsurumi yana da 'ya mai shekarunta, tana aiki a wani kamfani a Sendai. Ba ta cika kira ba, shi kuma kullum zullumin da yake kwana da shi kar wani ya ci mata mutunci a wurin aiki ba wanda zai tsaya mata. Ya tuna tsinkunan nan shida da aka ajiye. Da wasiƙar gayyata ya aika wa Sanae, da ta zo da ƙafarta. Gaggawa ya yi, don yana so ya rufe fayil kafin ƙarshen mako.

Ranar Asabar da safe ya baje mujallun shekara goma a teburinsa. Bai fahimci rabin abin da ke ciki ba, amma ya iya karanta sunaye. Huɗu ne, kullum su ne. Kashiwabara a gaba, Likita Hanabusa a tsakiya, sai Nagahori, sai wani mai suna Yamashina a ƙarshe. A bangon baya kuma, kowane wata, an rubuta: muna maraba da ayyukan masu karatu. Ya bincika fitowa ɗari da ashirin, bai ga aikin mai karatu ko ɗaya ba.

Hanabusa likitan haƙori ne, asibitinsa a ƙasa, gidansa a sama. Yana ganin Sufeto ya ce, "Ka daɗe ba ka je an duba maka haƙoran ƙasan nan ba."

"Ba shi ya kawo ni ba, Likita. Ina zan sami Yamashina?"

Likitan ya yi dariya har ya riƙe ciki.

"Ka riga ka gan shi. Gajere, mai sanƙo. Nagahori ne, da sunan aro, don a ce muna da yawa. Har gardama suke yi da juna a shafin wasiƙu."

Ya kai shi ɗakin sama. Tebur ne ya cika ɗakin, da duwatsu, da gada, da ƙauye mai gonakin shinkafa. An rarraba shi gida-gida don a ɗauka zuwa zauren biki.

"A kan layin nan ne jirgin Malam zai yi tafiya gobe, da ba a sace ba. Ni na sa aka buga sanarwar."

"Da ma ba a gilashi za a nuna shi ba?"

"Haka suka so, shi da Nagahori. Na ce haba, jirgi ne ko kwalliyar ɗaki? Na rubuta a shafina cewa zai yi tafiya, ban gaya musu ba sai da aka buga."

"Ka taɓa ganin yana tafiya?"

"Ban taɓa taɓa shi ba ma."

Tsurumi ya ciro ledar guntun layin daga jakarsa, don ya tambaya ko na kanti ne ko na hannu. Ya ajiye shi a gefen layin Likita. Sai ya tsaya. Ya matsar da shi har bakinsu ya haɗu. Ƙarfen gefe ɗaya ya zo daidai, na ɗaya gefen ya faɗa ciki.

"Wannan ya fi naka matsatsi."

Likitan ya daina murmushi.

"Ka yi mini bayani kamar ɗan firamare," in ji Tsurumi.

Hanabusa ya zauna a kan kujera. Ya ce su gida biyu ne. Akwai masu layi mai faɗin milimita sha shida da rabi, su ne mafi yawa. Akwai 'yan sha uku, masu cewa nasu ne ya yi kama da layin gaske na ƙasar nan. Jirgin wannan gida ba ya hawa layin wancan.

"Malam Kashiwabara ɗan wane gida ne?"

"Shekara talatin yana zagin 'yan sha uku a shafinsa. Masu wahalar da kai yake ce musu. Ko guntun layinsu bai taɓa shiga gidansa ba."

"Wannan kuma nawa ne?"

"Sha uku."

"Ka ce ba ka taɓa taɓa jirgin ba."

Likitan ya cire tabarau ya goge da gefen riga.

"Ranar da aka ɗauki hoton bango ina nan. Na ga Nagahori yana ta ce wa mai hoto daga gefe, daga gefe kawai. Da suka fita shan taba na ɗaga shi na duba ƙafafun."

"Shekara uku ke nan. Ka gaya wa wa?"

"Wa zan gaya wa? Mu uku ne ke riƙe da mujallar. In Malam ya faɗi, ta faɗi. Ni kuma ina zan kai gadojina? Matata ma ba ta kallonsu."

"To me ya sa ka ce sai ya yi tafiya?"

"Mugunta ce. Ya kushe gadar nan a fitowar bazara, ya ce kamar haƙorin roba. Na so in ga fuskarsa ne kawai. Na ɗauka zai ce ba shi da lafiya, in yi dariya, shi ke nan." Ya ɗago kai. "Da gaske kun kama 'yar mutumin?"

"Tun jiya tana hannunmu."

Hanabusa ya sa hannu a aljihu ya ciro tarin makullai, ya zare ɗaya ya ajiye a kan gonar shinkafa.

"Na ofis ne. Dukkanmu muna da shi."

Nagahori yana ɗaure mujallu da igiya lokacin da Tsurumi ya koma.

"Ka ce kai kaɗai ke da makulli."

"Ai ba ƙarya na yi ba, Sufeto. Baƙo nake nufi. Su Malam ai kamar teburin nan suke, mutum ba ya lissafa su."

"Buɗe mini siton."

"Ba komai ciki sai tarkace."

"Buɗe."

Kantoci ne daga ƙasa har sama, cike da ƙunshin gidan waya. Wasu takardarsu ta yi ja don tsufa. Tsurumi ya karanta adireshi: Akita, Kochi, Nagasaki, Obihiro. Yawancinsu ko igiyarsu ba a yanke ba.

"Su wane ne waɗannan?"

"Masu karatu." Nagahori ya share goshinsa. "Kullum ina cewa zan duba. Amma baƙo sai ka gyara masa rubutu, sai ka kira shi, ƙila ya makara. Su Malam kuwa ranar Alhamis aikinsu na kan tebur. Wata na bin wata, ka gane."

A kanta na uku akwai kwali ɗaya da aka buɗe. Ba komai ciki sai audugar naɗi da ambulan. Wasiƙar shafi biyu ce da rubutun hannu mai tsafta. Mai wasiƙar ya ba da haƙurin damun edita, ya ce ya san aikinsa bai kai na manya ba, ya ce ya yi shi a kan milimita sha uku ne don shi ne kamar layin da ya yi shekara talatin yana gyarawa. A ƙasa, Okitsu Genzo.

Nagahori ya jingina da ƙofa.

"A wancan watan hannun Malam ya riga ya fara rawa. Ba shi da abin da zai kawo, bango ba hoto, maɗaba'a na jira. Na shigo nan na ɗauki kwalin da hannuna ya faɗa a kai. Na ce masa sau ɗaya ne. Sai masu karatu suka haukace a kansa."

"Da 'yarsa ta zo makon jiya, ka san gaskiya take faɗa."

"Na sani."

"Amma ka nuna mini ita."

"Na yi zaton ita ce ta ɗauka. Har yanzu ma, in ba ita ba, wa?"

Tsurumi ya ninke wasiƙar. Shi ma jiya ya ga tsohon a kyamara, ya wuce.

Gidan Kashiwabara yana Sakai, a wani lungu da mota ba ta shiga. Ƙarfe uku na yamma Tsurumi ya cire takalmi a bakin ƙofa. Tsohon dogo ne, ya rankwafa, shekarunsa saba'in da takwas. Shi kaɗai yake zaune tun rasuwar matarsa. Ya kawo shayi, kofin yana kaɗawa a kan faranti, rabi ya zube kafin ya iso. Yatsunsa uku an naɗe da filasta.

"Me ya sami hannun, Malam?"

"Wuƙar kicin."

"Ranar Alhamis ka je ofis?"

"Kamar kullum. Na zura rubutuna ta ƙasan ƙofa na dawo."

"Me ya sa ba ka buɗe da makullinka ba?"

Tsohon ya kalli shayin.

"Ban fita da shi ba."

Tsurumi ya nemi ganin layinsa. Ɗaki guda ne, layin ya zagaye shi sau uku, tsofaffin jirage a jere a bango, kowanne da shekarar da aka yi shi. Na ƙarshe shekara huɗu ke nan. A kusurwa akwai teburin aiki an lulluɓe da tawul, ɗakin kuma yana warin ƙonanniyar dalma.

Ya ciro guntun layin ya miƙa masa.

"Malam, ni ban san komai a harkar nan ba. Taimaka ka nuna mini inda wannan yake shiga a cikin naka."

Kashiwabara ya karɓa da hannu biyu. Bai ko kai shi kusa da layin ba. Ya daɗe a tsaye, katakon yana rawa a hannunsa.

"Ba ya shiga," ya ce.

Ya taka zuwa teburin ya yaye tawul ɗin.

Jirgin yana kwance rigingine a kan soso. An zare ƙafafunsa, biyu suna cikin murfin gwangwani, ɗaya ta lanƙwashe. Ƙashin jikinsa ya karkace. A gefen tukunyar, inda baƙin fenti yake sheƙi a hoton mujalla, akwai tabon ƙuna kamar girman farce.

"Milimita uku da rabi kawai," in ji tsohon. "Na ce in buɗa ƙafafun, in mayar da shi kafin Nagahori ya zo da safe, ya hau layin Hanabusa ranar Lahadi, kowa ya tafa. A da, aikin awa biyu ne a wurina."

"Me ya sa ba ka gaya wa Nagahori ba?"

"In ce masa me? Ya san ba ni na yi ba. Amma bai san ko 'yar ƙusa ba na iya kamawa ba yanzu."

"Yaushe ka ji an kama ta?"

"Jiya da yamma. Nagahori ya kira ni yana murna."

"Sai ka yi me?"

Tsohon ya dafa teburin.

"Na koma na ci gaba da gyara. Na ce in na gama na mayar, za a ce ya ɓuya ne a wani wuri, a sake ta. Daga nan ne ƙarfen liƙi ya kuɓuce mini ya yi wannan tabon." Ya nuna da haɓa. "Ta kwana a can?"

"Ta kwana."

"Da na buɗe cikinsa, Sufeto, na ga abin da ban taɓa gani ba. Har inda ido ba ya kaiwa ya goge ya gyara. Shekara hamsin ina wannan aiki, ban yi ko ɗaya da ya kai shi ba. Ɗan sha uku." Ya yi wata 'yar dariya da ba ta fita sosai ba. "Shekara uku mutane suna tare ni a tasha suna rusuna mini saboda shi. Ni ma in rusuna in ce ba komai ba ne."

Tsurumi ya fita tsakar gida ya kira ofis. Ya ce a saki Okitsu Sanae yanzu, a kai ta gida da mota. Ya ce a kira manajan tasharta a gaya masa Sufeto Tsurumi zai zo ranar Litinin da tsakar rana, lokacin da direbobi ke cin abinci, yana da maganar da zai yi a gabansu. Ya ce kuma a aika a ɗauko Nagahori da kwalin da ke kanta na uku.

Da ya dawo, tsohon ya sa kwat ɗinsa, ya jera jirgin da ƙafafunsa a cikin akwatin katako, yana ƙoƙarin ɗauka.

"Bari in riƙe shi har mota. Ni zan miƙa mata."

"Ka riƙe shi shekara uku, Malam. Ya isa."

Tsurumi ya karɓi akwatin. Suka sa takalma suka fito lungu. Wata maƙwabciya da ke ba furanninta ruwa ta rusuna ta gaida Malam, ya amsa ba tare da ya dube ta ba.

Tsohon ya ciro makullin gidansa zai kulle ƙofa. Ya kai shi bakin kuba, ya kauce. Ya sake kaiwa, ya kauce. A karo na huɗu Tsurumi ya matse akwatin a hammata, ya karɓi makullin ya kulle, ya sa a aljihunsa, ya kama tsohon a gwiwar hannu suka nufi bakin titi.